Daga Ƙonni zuwa Lugu, garin Sarauniya

Daga Sakkwato muka bi ta Illela, muka ƙetara zuwa Birnin Ƙonni, sannan muka kama kwaltar da ta nufi Dogon Dutsi. A Dankasari na sauka na hau kabu-kabu, don hanyar Lugu yashi ce da tsakuwa.

Lugu ɗan ƙauye ne a yankin da ake kira Arewa a Jamhuriyar Nijar, amma sunansa ya fi shi girma nesa ba kusa ba. A nan ne Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. An ƙone garin, rundunar ta zarce ta yi wa Ƙonni mummunan ta'adi, kafin sojojin su juya su kashe jagororin nasu biyu a watan Yuli. Ni dai ba yaƙin ne ya kai ni ba. So nake in ji daga bakin Azna, wato arna masu bin addinin gargajiya na yankin, me suka yi imani da shi, tunda a gida da an ce arne sai a ce mai bautar gunki, magana ta ƙare.

Dattijon da ya saukar da ni bai nuna mini gunki ko ɗaya ba. Da na ce, "Baba, to wa kuke roƙo?", sai ya yi dariya. A bayaninsa, Allah ne ya halicci komai, amma ya yi nisa da harkar yau da gobe. Masu taɓa ruwan sama, gero, haihuwa da ciwo su ne iskoki, su doguwa, mazauna itatuwa da duwatsu. Kakanni ne suka ƙulla alkawari da su ranar da suka sari dajin, jikoki kuma suna sabunta shi da yanka kafin damina. Ba littafi, ba wa'azi, ba a kiran kowa ya shigo. Gado ne: wanda ba a haifa a ciki ba, ba abin da ya haɗa shi da iskokin gidan wani. A ganina nan ne suka yi kama da Maguzawan Kano da Katsina, addini ne da ke ɗaure da wuri da jini.

Har yau akwai Sarauniya a Lugu, tana zaune a ɗakinta tana kaɗi, ba ta yawo. Idan ta rasu sai a yi tarkama: a ɗauki gawar, a faɗarsu ita ke jan masu ɗauke da ita zuwa wurin magajiya. Akwai kuma Tunguma, dutsen da ake kai wa ƙara, sun ce motsinsa ne hukunci. Ina Musulmi, ban gaskata dutse na yanke shari'a ba, ban kuma ɓoye wa dattijon hakan ba. Bai ji haushi ba. Damuwarsa ita ce samarin yankin da yawa sun musulunta ko sun tafi cirani, ya rasa wanda zai koya wa sunayen iskokin gidansu.