Ginin Goldman Sachs da ba a rubuta masa suna ba

Ranar da na je ganin wurin tunawa da harin 11 ga Satumba a birnin New York, na tsallaka titin West Street da ƙafa, na tsaya a gaban wani dogon gini na gilashi da ƙarfe mai lamba 200, ina ta neman allon da zai gaya mini ko na wane ne. Na zagaya ta gefen kogin Hudson na dawo, ban ga ko harafi ɗaya ba, sai masu gadi sanye da kwat da ma'aikata masu shiga da sauri, kowa da katinsa a hannu. Wannan ita ce hedkwatar Goldman Sachs, bankin zuba jarin da Marcus Goldman ya kafa a 1869, wanda aikinsa shi ne dillancin hannun jari da takardun bashi da shirya cinikin manyan kamfanoni, don haka talaka ba ya zuwa can da ajiyarsa.

Ginin ya haura hawa 40, tsayinsa mita 228, kuma ya laƙume kimanin dala biliyan 2.1. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda kuɗin suka fito. Bayan harin 2001 hukumomi sun ji tsoron kada manyan bankuna su watse daga kudancin Manhattan, yankin birnin da harin ya auku, sai aka ba wa bankin damar cin bashin dala biliyan 1.65 ta takardun Liberty Bonds, waɗanda ba a biyan haraji a kan ribarsu, ga kuma wasu rangwamen a kai. Wato mai shi aka ƙara wa, domin kawai ya yarda ya zauna.

Lokacin tarewar ma bai yi wa bankin daɗi ba. Ma'aikata sun fara ƙaura daga tsohon ofishin da ke lamba 85 a Broad Street a ƙarshen 2009, shekara guda bayan gwamnatin Amurka ta tallafa wa bankin da dala biliyan 10 a tsakiyar rikicin tattalin arziki, kuma ko da yake ya mayar da kuɗin, jama'a na cike da haushi. A ganina rashin sunan dabara ce ta mai dukiyar da ya san idon mutane na kansa, duk da cewa tsohon ofishin ma haka yake ba suna. Bankin Lehman Brothers kuwa ya lulluɓe gininsa na kusa da Times Square da manyan allunan lantarki, kuma da ya durƙushe a Satumbar 2008, cikin 'yan kwanaki sunan Barclays, bankin da ya sayi ginin, ya maye gurbin nasa.

A tsallaken kogin, a Jersey City, ana hango wani dogon benen bankin da aka kammala a 2004, wanda dillalansa suka ƙi komawa cikinsa saboda ba sa son barin Manhattan.

Kafin in tafi na leƙa zauren ta gilashi, na daɗe ina kallon wani ƙaton zane mai launuka da layuka masu sarƙe da juna, aikin Julie Mehretu, haifaffiyar Addis Ababa, wanda tsawonsa ya kai mita 24. A bakin wannan ginin ne aka jibge buhunan yashi a Oktobar 2012 da guguwar Sandy ta taso, ruwa ya malale titunan unguwar, wuta ta ɗauke a kudancin Manhattan, janaretocin bankin kuma suka ci gaba da haska tagoginsa har gari ya waye.