Kirfar da muke sha a shayi, yau na ga bishiyarta

Assalamu alaikum ƴan uwa na gida, ina gajiya, ya zafi? Daga Siri Lanka nake rubuto muku, inda karatu ya kawo ni yau wata takwas ke nan.

Ni fa na tashi a gidan da ba a dafa shayi sai da kirfa da citta da kanumfari, amma wlh ban taɓa tambayar kaina daga ina kirfar nan take fitowa ba, abin da na sani kawai itace ne mai tauri da masu kayan ƙamshi ke ƙullo mana a leda. Sai Asabar ɗin nan wani abokin karatuna ya ɗauke ni ƙauyensu can kudu wajen Galle, babansa na da gonarta, su kurundu suke ce mata.

Ina ta ɗaga kai ina neman wata ƙatuwar bishiya, ashe ina tsaye a cikinsu. A daji takan kai mita 10 har 15 amma a gona ba sa barin ta ta yi tsawo, shekara 2 zuwa 3 da shuka sai a sare ta kusa da ƙasa, kututturen ya yi ta toho, to waɗannan sandunan da suka tsiro su ake yankewa sau biyu a shekara bayan an sha ruwa, don lokacin ne ɓawon yake saki. Sabon ganyenta ja ne. Na murje ɗaya na shinshina sai na ji ƙamshin kanumfari sak, ganyen ma ashe mai ake tatsa daga ciki. Kuma wai danginta ɗaya da fiya da kafur, ni dai ban ga kamar ba.

Inda aikin yake shi ne fiɗa. Mutum uku ne zaune a ƙasa kan tabarma, kowa da tarin sanduna a gabansa. Za a fara kankare ɓawon waje, sai a ɗauko wata ƴar sandar tagulla a yi ta gurzar itacen har ya yi laushi ya fara gumi, sannan a tsaga da ƙaramar wuƙa a zare ɓawon ciki siriri kamar takarda. Na ce Baba a ba ni in gwada mana, sau uku ina yaga shi, tsohon nan ya yi dariya har da hawaye ya karɓe wuƙarsa. Bayan nan su cusa gutsattsarin cikin manyan su naɗe, su yi ta haɗawa har sanda ta kai inci 42, sai a shanya kan igiya ƙarƙashin rufi, a inuwa fa ba a rana ba. Mafi tsadar ita ce Alba, ko kaurin fensir ba ta kai ba. Ƙasar Meziko ce ta fi kowa sayen kirfar Siri Lanka.

To ga abin da ya ɗan ɓata min rai. Wadda muka saba saya a gida, mai kaurin nan da sai an sa turmi, yawanci ƴar uwarta ce kasiya da ake kawowa daga Chaina da Indunusiya da Biyetnam. Ba jabu ba ce, ta ma fi yaji, sai dai tana da wani sinadari kumarin mai yawa wanda in an matsa masa yana taɓa hanta, don haka masu shan ta cokali-cokali kullum da zuma wai magani a yi hattara. Ta nan kuwa ruwan ƙasa ce mai haske, ninki-ninki, da yatsa ma sai ka marmashe ta.

Kan ɓawon nan Turawa suka yi ta ƙwace tsibirin daga hannun juna, ƴan Fotugal suka iso 1505, ƴan Holan suka kore su 1658, Ingila ta karɓa 1796. Unguwar masu kuɗi a Kolombo, birni mafi girma a ƙasar, har yau sunanta Cinnamon Gardens saboda da can gonar kirfa ce.

Kawu da ka ce in taho maka da iri ka gwada a garka, ka yi haƙuri. Ruwa take so kusan duk shekara da iska mai laima, hunturunmu ba zai bar ta ba, kuma ƙwayar ba ta jure ajiya, kafin in dawo hutu ta mutu. Sandunan dai na sayo rabin kilo, Inna ce za ta raba.