Ɗakin sanyin da ya cinye mini kifin Yauri

Har yau in na buɗe ƙofar ɗakin nan sai in ji kamar warin yana nan, alhali an wanke shi ba adadi.

Na daɗe ina sayar da kifin kwali da kaji a Birnin Kebbi da firiza huɗu. Da ciniki ya buɗe, sai na ce bari in kafa kol rum nawa, wato ɗakin sanyi. Na zaga na ga na mutane, na yi ta tambayar faɗi da tsawo, na dage sai an sa mini bango mai kaurin santimita 15 saboda zafin garinmu, na sayi janareton da zai iya tayar da injin. Nan duk ban yi kuskure ba. Mai haɗa ɗakin ya tambaye ni, "Alhaji, mi za ka sa ciki?" Na ce kifi. Ya ce to. Ban ce masa ɗanye ba, shi ma bai tambaya ba.

Wata biyu lafiya lau. Kwalaye na zuwa daga Legas a daskare kamar dutse, ɗaki na riƙe su a digiri 18 ƙasa da sifili. Sai a watan Afrilu na je Yauri na tarar da kifi ya yi araha, giwan ruwa da ragon ruwa da karfasa, na zuba kuɗin da nake da su har da na aro. Muka ɗauko hanya ta Koko da Jega cikin ranar nan da ke haura digiri 40, ba ƙanƙarar kirki a kansa, don a zuciyata ai ina da ɗaki. Muna isowa na sa yara suka jibge shi har kusa da rufi, suka ma toshe gaban fankokin. Na rufe na tafi gida ina lissafin riba.

Da safe na ga lambar da ke bakin ƙofa ta haura sifili, na ce zai sauko. Ya sauko kuwa, shi ya ƙara yaudarata. Ashe iskar ɗakin take aunawa, ba cikin kifi ba. Rana ta uku da muka ɗaga na sama, ya yi tauri, na tsakiya kuwa ciki ya kumbura, ƙamaimai sun sauya launi. Abin da ya fi ƙona mini rai, ɗumin da ɗanyen ya shigo da shi ya sassauta kwalayen da ke gefe, su ma suka fara zubar da ruwa. Kaɗan muka ceto aka yi banda.

Na kira mai haɗawa ina faɗa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Alhaji, wanga ɗaki na ajiya ne, ba na daskarwa ba." Ranar na fara sanin cewa iri biyu ne. Na ajiya aikinsa kawai ya hana abin da ya riga ya daskare narkewa, injinsa ƙarami ya isa. Na daskarwa yana sauka wajen digiri 30 zuwa 40 ƙasa da sifili, da iska mai ƙarfi, a shimfiɗa kifi a farantai ba a tara ba, ya daskare cikin sa'o'i. Mafi yawan jikin kifi ruwa ne, kuma mayar da ruwan nan ƙanƙara shi ke cin ƙarfin inji. Ni kuma na tsaya ina auna bango da tef!

Ya kamata ya tone ni da tambaya, har gobe ina ganin laifinsa a nan. Amma ni na ce "kifi" na yi shiru. Duk mai zuwa neman shawarata yanzu, kafin ya ce mini mita nawa yake so, sai na tambaye shi kilo nawa zai shigar a rana, kuma da ɗuminsa zai shigo ko a daskare.

Ina zuwa Yauri har yanzu, amma da ƙanƙara nake tafiya, a jera kifin da ita tun daga bakin ruwa, kuma ba na sayen abin da ya wuce wanda firizojin nan huɗu za su daskarar kafin ya shiga ɗakin. Su da na so in sayar da su. Bashin Afrilun kuwa saura kaɗan in gama biya.