Abin da Ruwan Taki Ya Koya Mini Game da Ƙarafa Masu Guba a Gona

Duk wanda ya yi aikin gwajin ƙasa a lambunan da ke gefen Kogin Jakara da Rafin Getsi a Kano, inda ake ban ruwa da ruwan da ya ratso gari da masana'antun Bompai, ba ya daɗewa yake gane cewa jimillar ƙarfe mai guba da ke cikin ƙasa ba ita kaɗai ke nuna abin da zai shiga latas ko alayyafo ba. Fili biyu suna iya ɗauke da dalma ko jan ƙarfe daidai wa daida, amma ganyen ɗaya ya kwashi guba fiye da na ɗayan nesa ba kusa ba. Cikin abubuwan da ke kawo wannan bambanci, wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne narkakken ɓangaren taki.

A ɗakin gwaje-gwaje, idan aka kaɗa ƙasa da ruwa aka tace ta matatar da ramukanta ba su wuce maikuromita 0.45 ba (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), abin da ke ɗiga cikin kwalba yakan fito da launin shayi marar madara, kuma yawan duhunsa yana nuna yawan ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da suka narke a ciki. Ƙwayoyin wannan ruwa suna da wuraren da ke kama ƙarfe su riƙe, sai dai riƙon bai zama ɗaya ba. Jan ƙarfe da dalma suna kamuwa da ƙarfi sosai, kadmiyam (wani ƙarfe mai guba) da tutiya kuwa riƙonsu sako-sako ne, shi ya sa tsamin ƙasa ya fi taki iko a kansu, kuma da zarar ƙasa ta yi tsami sai su saki, saiwa ta zuƙe su.

Inda lamarin ya fi wuya shi ne riƙon da kansa yana da fuska biyu. Manyan ƙwayoyin taki suna mannewa a jikin yumɓu da tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasa, su tsare gubar a wuri ɗaya. Ƙananan kuwa, waɗanda suka fi yawa a ɗanyen taki, sukan ɗauki ƙarfen su bi ruwa da shi zuwa ƙasa, kuma a jigawa, inda yumɓun da zai tare su kaɗan ne, tafiyar tana iya kaiwa ga ruwan da rijiyoyin lambu ke ja. Ko farar ƙasa da ake ba da shawarar zubawa don rage tsami tana da nata sharaɗin, domin tana rage shigar kadmiyam cikin shuka, amma tana ƙara narkar da taki, wanda hakan ke iya sa jan ƙarfe ya motsa. A ganina, duk rahoton gwaji da ya kawo jimillar ƙarfe ba tare da tsamin ƙasa da narkakken taki ba, rabin labari ya bayar.

Ƙarfen kuromiyam da ke fitowa daga masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa yana da nasa hali: taki yana mayar da nau'insa mafi guba zuwa wanda ya fi sauƙi kuma bai cika yawo ba.

Wani abin da aikin ya nuna mini shi ne takin kansa yakan zo da guba. Sharar gari da manoman kewayen Kano suka daɗe suna kwasowa daga juji yanzu cike take da fasassun batura da gwangwanaye, kuma kashin kajin gidan gona yakan ƙunshi jan ƙarfe da tutiya da ake haɗawa cikin abincinsu. Saboda haka idan mai lambu ya tambaye ni, ba na hana shi taki, domin ƙasarmu ta fi buƙatarsa fiye da komai. Nakan ce masa ya tsince batura tun a juji, ya bar takin ya ruɓe sosai kafin ya zuba, kuma kada ya malala ruwa mai yawa a kan fangalin da ya zuba wa ɗanyen kashin kaji.