Ku bar yaro ya ƙera motarsa da hannunsa

Bayan kaka, idan aka kwashe dawa aka bar kara jibge a bakin gona, yaro ya samu kayan karatu kyauta. Abin takaici, sau da yawa da an gan shi zaune a ƙasa yana ɓare kara sai a daka masa tsawa, wai yana ɓata kaya. A ganina wannan zaman bai kamata a katse shi ba, don akwai lissafi da awo a cikinsa.

A ɗauki motar kara. Kayanta kaɗan ne: busasshen kara biyu ko uku, tsohon silifas, da tsinken tsintsiya mai ƙwari. Yaro zai ɓare ɓawon, totuwa ta fito fara mai laushi, ɓawon kuma ya tsaga shi siri-siri ya zama ƙusarsa. Totuwa biyu masu tsawon taƙi ɗaya su ne gindin mota, a haɗa su da gajeru uku a gicciye. Tayoyi huɗu daga silifas ake yanko su, a ɗora bakin ƙaramin gwangwani a zana da'ira kafin a yanka.

Motar farko ba ta tafiya daidai, kuma nan ne amfanin yake. Idan hujin taya bai faɗa tsakiya ba, mota za ta riƙa ɗingishi. Idan totuwa ɗaya ta fi 'yar'uwarta tsawo, sai ta karkace gefe guda. Ɗanyen kara kuwa yana motsewa idan ya bushe, ƙusoshin su kwance, washegari a tarar da mota ta wargaje. To, kada babba ya karɓe ya gyara. Ya tsuguna ya ce, "Wace taya ce ke tsalle? Juya ta mu gani." Yaron da ya gano da kansa cewa huji ne ya kauce, gobe sai ya auna kafin ya huda. Wuƙa dai babba ne zai riƙe wa ɗan ƙasa da shekara bakwai, kuma a nuna masa ɓawon kara yana yanka yatsa kamar reza.

Haka abin yake da yumɓu. Yarinya ta gina 'yar tukunya ta shanya a tsakiyar rana, ta tsage, saboda bayanta ya bushe cikinta da sauran danshi. A bar ta ta gwada wata a inuwa, wata ta cuɗa da ɗan yashi, ta kwatanta bayan kwana biyu.

Inda ba a sakaci shi ne zaɓen wurin wasan, musamman mu a Zamfara. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar ta gauraye da ƙasar da yara ke wasa a kai. Dalma ba ta da wari, ba a ganinta, daga hannu take shiga baki. Don haka duk filin da aka taɓa niƙa ko wanke dutsen ma'adinai, ko ake fasa tsofaffin batiran mota, ba wurin wasa ba ne, kuma kada a ɗebo ƙasar gini daga can. Kududdufi ma a yi nesa da shi: ban da haɗarin nutsewa, ƙananan katantanwa da ke cikinsa su ke ɗauke da ƙwayar tsargiya.

Sauran sharuɗɗan masu sauƙi ne. Wurin ya kasance inda babba zai iya hango su daga ƙofar gida, da hantsi ko bayan la'asar, ba da tsakar rana ba. A koya musu juya dutse ko tarin kara da sanda kafin su sa hannu, saboda kunama. In sun dawo, a wanke hannu da sabulu kafin a zauna ga kwanon tuwo.