Watan da ke hannun Auta

Alhamis.

Auta ya dawo daga Kano jiya da dare, yau kuwa tun da hantsi hannunsa na hagu bai huta ba. Ko gaisawa zai yi da mutum sai ya ɗan ja hannun riga sama. Sabon agogo ne, irin wanda ake yayi yanzu, marar fuska: ta cikin gilashi kana kallon kayan cikinsa tsirara, 'yan faya-fayai masu haƙora da wani ɗan zobe da ke kai da komowa ba tsayawa. Can ƙasa wajen ƙarfe shida akwai 'yar taga shuɗiya mai taurari, da wata ruwan zinare yana leƙowa daga gefe. Ya ce shi da tambayar yau nawa ga wata har abada. Inna ta ce to madalla, sai ya riƙa tuna mata da azumin sha uku, sha huɗu, sha biyar.

A fada an yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har shayin farko ya huce. Ni ma ya shiga raina.

Warwaron ya yi masa yawa, don haka wajen azahar muka hau kabu-kabu zuwa wurin Kawu, mai gyaran agogo, a gefen Kasuwar Dole. Ranar kasuwa, ga hazo, da ƙyar muka kutsa. Kawu bai ko kula warwaron ba. Ya kara agogon a kunne, ya daɗe, sannan ya maƙala madubinsa na ido ɗaya.

"Irin wanda ake wanawa ne na gaske," in ji shi. "Babu batir. Ga sifirin ɗinsa nan, ga kuma nauyin da ke juyawa a baya yana wana shi in kana motsa hannu."

Auta ya dube ni yana murmushi.

Sai Kawu ya zaro ɗan kan da ke gefe, ya shiga murza hannuwan agogon gaba. Awa ɗaya, biyu, uku, har shida. Watan ya gangara ya shige. Ga mamakinmu sai ga rana ta ɓullo a tagar, da 'yan haskenta kewaye. Ya ci gaba da murzawa, rana ta faɗi, wata ya sake fitowa.

"Auta, a garinku wata yana tsayuwa ya cika ya mutu duk cikin kwana ɗaya?"

"Kawu, wallahi mai shagon sai da ya rantse mini wata ne."

"Ai bai yi ƙarya ba, wata ne. Ka tambaye shi na wace rana?"

Faifan dare da rana ne kawai, yana zagaye ɗaya a awa 24. Ƙari a kan haka Auta ya saita shi a juye, shi ya sa da rana tsaka yake nuna dare. Kawu ya jawo bayan wata takarda ya zana mana na ainihin: faifai ɗaya, an zana wata biyu a jikinsa, haƙoransa 59, kowace rana wani ɗan yatsan ƙarfe ya tura haƙori ɗaya. Raba 59 biyu, ka samu kwana 29 da rabi. Shi kuwa watan sama kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, to waɗannan mintocin 44 ke taruwa, bayan shekara biyu da wata bakwai da ɗoriya agogon ya kauce da kwana guda, sai ka gyara da hannu. Da na duba a salula daga baya na ga masu tsadar, irin waɗanda kamfanoni ke baje wa a Janeba duk watan Afrilu, wasu haƙora 135 suke sa wa faifan, sai an shekara 122 kafin ya yi kuskuren kwana ɗaya. Lissafi ne mai kyau ƙwarai. Amma ko wannan ɗin aka ɗaura wa liman, ba zai sa a ɗauki azumi ba sai an ga jinjirin wata da ido an ji sanarwa a rediyo. Agogo matsakaicin wata yake bi, na sama kuwa wani zubin ya ɗan yi sauri, wani zubin ya ɗan yi nawa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: agogon fa a buɗe yake. Don ka ga cikinsa ma aka yi shi. Da safe watan nan ɗan siriri ne a bakin taga, har Auta na cewa ga jinjiri. Kafin mu sauka a kasuwa ya cika fal a tsakiya. Samarin fada duka sun riƙe shi, kowa ya kai shi kusa da ido, ba wanda ya ce uffan. Motsin ƙarafan muke kallo.

Sai kuma Kawu. Warwaron da minti biyu ya ishe shi ya rage, ya ɗauki lokaci mai tsawo a kai. Na lura hantsakin yana rawa a hannunsa, shi ma ya lura na gani, ya ɗan juya mana kafaɗa. Teburinsa yanzu batura ne da madaurai da Casio na roba. Ya ce tun da Seiko ta fito da mai batir a 1969 sana'ar ta fara zubewa, sai dai ta daɗe kafin zubewar ta iso Damagaram. Seiko 5 ɗin marigayi Baba har yanzu yana cikin aljihun teburin, a naɗe cikin tsumma, bai yarda a karɓa ba. Ya ƙi amsar ko dala a hannun Auta. Ya ce a kiyaye shi da ƙurar hunturu, kada a bar kan a zare, kuma bayan 'yan shekaru a kawo masa ya wanke ya sa mai, "in ina nan." Ya faɗe ta yana dariya. Ni ban ji daɗinta ba ko kaɗan, har yanzu tana cina.

Auta ya yi fushi da mai shagon daga kasuwa zuwa Zango, daga nan ya huce, ya ce ko ba komai cikin yana da kyau. Jika talatin da wani abu ya saye shi.

Famfo bai kawo ba yau ma, 'yan garuwa sun ƙara kuɗi. Tuwon gero da miyar kuka. Gobe bayan masallaci akwai gaisuwar rasuwa a Mirriya, ban samu wanda zai ara mini babur ba tukuna.