A wurina safiya ce, a wurin agogon dare ne

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san dokar. Duk mai riƙe agogo mai wani, wato wanda ake murɗawa, da ke nuna kwanan wata ya san ba a taɓa saitin kwana ko na hoton watan sama daga wajen ƙarfe 9 na dare zuwa 3 na asuba, domin a lokacin ne injin yake kama faifan kwanan ko na watan da kansa don ya tura shi. Ni da bakina na sha gaya wa mutane haka. Sai ga shi ni ne na lalata sabon agogo ranar da na fito da shi daga kwali, da rana tsaka kuma.

Agogon sabon fitowa ne, irin mai fuskar kwarangwal, wanda aka sassaƙe duk ƙarfen da za a iya sassaƙewa har kana hango sifirin da haƙora da jajayen duwatsun yakutu ta cikin gilashi. A ƙasa, wajen ƙarfe shida, ga 'yar taga inda hoton wata ke leƙowa, yana nuna yadda watan sama yake a ranar. Na daɗe ina jiransa. Ya iso a tsaye, hannayensa a kan goma da 'yan mintuna. Na yi masa wani, ya tashi, na ɗan matsa hannun zuwa sha ɗaya saura kwata, daidai da lokacin da ake ciki. Na ce a raina safiya ce, ba ni da matsala. Na duba kalanda, kwana huɗu ke nan da cikar wata. Na ɗauki ɗan tsinken da aka haɗo da shi, na sa a maɓallin saita wata da ke lotse a gefen agogon, na danna.

Ya ƙi. A nan ya kamata in tsaya. Maimakon haka na ce sabo ne, bai saki jiki ba, na ƙara ƙarfi. Na ji wani ɗan "ƙas" a yatsana, ba ma a kunne ba.

Fuskar agogo awa 12 take nunawa, amma faifan da ke tura kwana da wata sau ɗaya yake zagayawa a awa 24. Ƙarfe goman da agogon ya tsaya a kai na dare ne. Ni ina cikin hantsi, shi yana gab da tsakar dare, ɗan yatsan ƙarfen da ke tura faifan wata ya riga ya shiga tsakanin haƙora. Dokar da na haddace lokacin agogo take nufi, ba lokacin da ke waje ba, ni kuwa ban taɓa tsayawa na yi tunanin bambancin ba.

Mai gyaran da na kai wa, dattijo ne, ko buɗe agogon bai yi ba. Ya sa madubinsa a ido, ya duba ta gilashin, ya miƙo mini madubin. Ga ɗan yatsan ya lanƙwashe, ga haƙori ɗaya ya gutsure. Ya ce, "Malam, ai agogon bai ɓoye maka komai ba, kai ne ba ka duba ba." Na ce, "Haka ne, Baba." Me zan ce? Na sayi agogon da aka yi shi musamman don a ga cikinsa, na danna shi da ƙarfi idona na kan kalanda.

Haƙori ɗaya ne cikin 59, amma ya isa. Faifan yana ɗauke da hoton wata guda biyu, yana matsawa haƙori ɗaya a kullum, kowane wata ya samu kwana 29 da rabi. Na sama kuwa kwana 29 da awa 12 da minti 44 yake yi, wannan minti 44 ɗin su ne ke taruwa su zama kuskuren kwana ɗaya bayan kamar shekara biyu da wata bakwai. Akwai masu faifai mai haƙora 135, su sai bayan shekara 122 suke kuskuren kwana guda, nawa dai ba ya cikinsu. Wato in agogon bai tsaya ba, maɓallin nan sau ɗaya ake buƙatar taɓa shi a shekara biyu da rabi. Ni awa ɗaya ban kai ba na gama da shi.

Garanti bai ɗauka ba, kuma ban yi musu ba, gargaɗin yana cikin ɗan littafin da ban buɗe ba saboda ina ganin na wuce nan. Abin da ban yi tsammani ba shi ne jira. Da injin tsohon samfuri ne da ya yaɗu, da mai gyara ya zaro faifan daga aljihun teburinsa. Sabon fitowa kuwa sai an nemo daga kamfani. Mako tara ina kallon kwali.

Yanzu ga yadda nake yi, ko da rana ce ƙiri-ƙiri. In agogon ya tsaya, kuma yakan tsaya in na ajiye shi ya wuce awa 40, ina juya hannayen gaba har kwanan wata ya sauya, a nan na san tsakar dare ke nan a wurinsa. Sai in ci gaba zuwa shida da rabi na safe, in saita kwana da wata a nan, sannan in kai hannayen lokacin gaskiya. Ina ƙirga danni daga ranar cikar wata, ɗaya ga kowace rana. In maɓallin ya yi tauri ko kaɗan, na ɗage hannuna.

Wasu abubuwa biyu, tunda muna maganar. Kafin ka saya, ka tabbata wata ne na gaske, don akwai agogo da yawa masu hoton rana da wata da ke zagayawa sau ɗaya a yini, dare da rana kawai suke nunawa. Da irin wannan na saya, da ya gaya mini dare ne, abin dariya. Sannan fuskar kwarangwal kyau gare ta, amma karanta lokaci a kanta aiki ne, hannaye na ɓacewa cikin ƙarafa masu launi ɗaya da su. Kuma duk ƙurar da ta shiga, kai da ita kullum.

Agogon ya dawo, yana aiki lafiya. Daren jiya wata ya cika, na fita na ɗaga hannu na gwada, sun yi daidai. Sai dai sabon faifan ya ɗan fi sauran ƙarafan haske, ba wanda ya taɓa lura, amma ni duk sanda na duba lokaci can idona yake fara sauka.